Madam Roseline da Amsar Bayan Littafi

Madam Roseline maƙwabciyata ce. Ɗakinta na kallon nawa a gidan haya ɗaya a nan Kafanchan, kuma tun da nake ban taɓa zama da mace mai taurin kai irinta ba. Ni sunana Raliya, ɗinki nake yi. Ina so in ba da labarinta tun haushin bai huce mini ba, domin na san halina, in ya huce zan fara nema wa mutane uzuri, su kuwa ba su cancanta ba. Maganar duk a kan aji shida ce, ajin da ta riƙe shekara da shekaru a wata makarantar kuɗi ta unguwarmu, wanda ba ta da wani abin taƙama a duniya sai shi.

A kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa aka haife ta. Mahaifinta, Baba Andrawus, mutumin Godogodo ne, aikinsa juya layin dogo in jirgi zai shigo tasha. Uwarta kuma tana sayar da gwaten acca wa fasinjoji. Ta sha gaya mini cewa babanta bai taɓa juya layi don kawai jirgi ya saba zuwa war haka ba, sai ya ga alama da idonsa, ko da kuwa shugaban tasha na yi masa ihu. Da harkar jirgi ta mutu ya koma gida noman citta, ita kuma ta tafi kwalejin horon malamai ta Gidan Waya. Ta auri wani direban bas mai suna Celestine da ke jigila tsakanin Kafanchan da Manchok, ya yi jinya ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya. Ɗan ya girma yana aiki a Jos, sai lokacin Kirsimeti muke ganinsa.

Ba zan ce tana da daɗin zama ba, don ba ta da shi. Gulma da Madam Roseline kamar miya ce ba gishiri. Ka zo mata da zafinka ka ce wance ta wuce ba ta gaishe ka ba, lallai fushi take yi, sai ta ɗago kai daga littattafan da take yi wa maki ta ce, "Maman Zamzam, wa ya gaya miki tana fushi? Abin da kin gani shi ne ba ta gaishe ki ba." Sau nawa na kwashi kujerata na koma ɗaki ina tsaki. A zumuntar mata ta cocinsu ma an san ta, an daina sa ta a kwamitin sulhu, domin kowa ya kawo ƙara sai ta tambaye shi abin da ya gani da abin da ya ƙara daga kansa. Amma ranar da mijina ya kwanta asibiti, ita ta riƙe mini yara har aka sallame shi, ko ruwa ba ta bari na yi mata godiya da shi ba.

Kowace shekara 'yan aji shida suna zana jarrabawar shiga sakandare. A cikinta akwai wani ɓangare da ba lissafi ba ne, ba kuma Turanci zalla ba. Magana biyu ake ba yaro, a tambaye shi abin da ya zama dole ya biyo baya. A nan yara ke zubewa, a nan kuma Madam ta yi suna. 'Yata Zamzam tana ajinta a shekarar da abin ya faru, don haka na san yadda take yi. Takan fitar da su gindin mangwaro ta zana babban da'ira a ƙasa da sanda, ta zana ƙarami a cikinsa. Babban na masu babur ne, ƙaramin na 'yan acaɓa. Sai ta ce duk ɗan acaɓa yana da babur, Jason ɗan acaɓa ne, yana da babur? Yara su ce dole. Ta juya ta ce to limamin unguwa yana da babur, fasto ma yana da shi, 'yan acaɓa ne? Yara su fashe da dariya. Daga nan ta sa su tsaya a cikin da'irar da ƙafafunsu, kowa ya ga cewa ana iya zama cikin babban ba tare da an shiga ƙaramin ba. Tana kuma hana su kawo abin da suka sani daga gida. In tambaya ta ce duk awaki suna tashi sama, to a cikin wannan tambayar suna tashi, kada wani ya ce ai akuyar gidansu ba ta tashi.

A wannan shekarar wani littafi mai shuɗin bango ya shigo kasuwa, na tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da amsoshi a shafukan baya. Ba sunan wanda ya rubuta, ba na wanda ya buga. Mai makarantar, Madam Hellen, ta ce kowane yaro ya saya. Mu iyaye a garin nan muna da wata ɗabi'a, kuma ni ma ina cikin masu yin ta, ba na jin kunya. Yawancinmu ba za mu iya amsa tambayar da aka ba yaro ba, amma muna iya buɗe bayan littafi mu ga harafi. In yaro ya zaɓi A, bayan littafi ya ce A, sai mu sa masa albarka. In ya saɓa, mu ja masa kunne. Iyakar taimakon da muke iya yi wa 'ya'yanmu ke nan, kuma muna riƙe da shi da hannu biyu.

Rigimar ta taso ne daga gidan Alhaji Ƙasimu, dillalin hatsi, wanda kakanninsa ke cikin waɗanda suka kafa rumfunan farko a kasuwa. Ya duba aikin gidan ɗansa ya ga yaro ya zaɓi A, bayan littafi ya ce A, amma Madam ta soke da jan biro. Tambayar cewa take yi duk tsuntsayen da ke cikin wani keji kore ne, ga kuma wani tsuntsu kore. A ta ce tsuntsun yana cikin kejin. D ta ce ba a ba da abin da zai isa a sani ba. Madam ta ce D. Ba wannan kaɗai ba ce, duk tambayoyi masu irin wannan ƙirar haka bayan littafin ya juya su, da alama wanda ya zauna ya cike amsoshin ciwo ɗaya ke damun tunaninsa. A satin nan kuma Dattijo Wilfred, dattijon coci ne da ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma, shi ne kuma shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ya ga irin wannan jan biron a littafin jikarsa.

Aka kira taro ranar wata Asabar da safe a cikin ajin nata. Na shiga na tarar da Dattijo da Alhaji a benci ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa. Mutanen da ko ranar da za a yi wasan guje-guje na makaranta ba su taɓa yarda da juna ba, yau ga su sun zama Hassan da Hussaini saboda an samu mace gwauruwa da za a taka.

Dattijo ya buɗe da addu'a, Alhaji ya rufe da tasa, sannan aka ce Madam ta yi bayani. Ta tashi ta ɗauki alli ta zana da'irorinta a allo. Ta yi bayani a tsanake, kuma wallahi ni da na tsaya a aji uku na sakandare na gane. Na duba fuskokin mutane na ga wasu ma sun gane, amma ba wanda ya zo don ya gane.

Alhaji ya ɗaga shuɗin littafin ya ce, "Madam, tambaya ɗaya gare ni. Ke kika fi wanda ya buga wannan littafin ilimi?"

Ta ce, "Alhaji, wanda ya buga littafi ɗin mutum ne, yana cin tuwo kaman ni. Ko sunan shi bai sa ba."

"Amma an buga shi. Da inji aka buga shi, ana sayar da shi har Kaduna."

A nan ne ta yi abin da har yau in na tuna nake jin kamar in mare ta. Maimakon ta lallaɓa, sai ta ce, "Alhaji, duk ɗan acaɓa yana da mashin. Kai ma na ga ka zo da mashin. Kai ɗan acaɓa ne?"

Aji ya kwashe da dariya, har da matan da suka zo tare da matar Alhaji. Fuskar Alhaji ta canza. Mutumin da ake durƙusa masa a kasuwa, an haɗa shi da ɗan acaɓa a gaban mata. Daga wannan lokacin maganar ta tashi daga kan tsuntsu da keji. Dattijo ya miƙe yana gyara tabarau ya ce, "'Yata, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ubangiji yana ƙin mai girmankai. Mu ba mu kawo yaranmu nan domin a gwada sabon koyarwa a kansu ba. Abin da littafi ya ce, shi za su tarar a jarabawa." Sabon koyarwa, in ji shi, alhali da wannan koyarwar ta fitar da 'ya'yansa biyu zuwa sakandare tun kafin a haifi jikar.

Na tashi na ce ni dai na ga hanyar Madam ta hau, a kai tambayar wa wani malamin sakandare ya raba gardama mana. Wani daga baya ya ce tela ta zauna, ba zancen aljihu da wuyan riga ake yi ba. Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Madam Hellen tana zaune tana murza zoben hannunta. Ta san gaskiya sarai, ita ma malama ce, amma Alhaji ya riga ya ce zai kwashe 'ya'yansa da na ƙannensa, Dattijo kuma coci guda ke bayansa. Ta ce ba korar Madam Roseline za a yi ba, za a dai canza mata aji. Aka mai da ita ajin reno, wajen 'yan shekara uku. Aji shida kuwa, saura zango ɗaya jarrabawa, aka miƙa wa Mista Derrick, wani saurayi da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba.

Na zaci za ta ajiye aikin. Ba ta ajiye ba. Kullum da safe takan goge rigarta kamar yadda ta saba, ta ɗauki jakarta, ta tafi ta yini tana share majina da raka yara bayan gida. In ta dawo ba littafin da za ta maka, sai ta zauna a bakin ƙofa hannu a cinya har magariba. Matar da a da sai na roƙe ta ta bar jan biro ta ci abinci. Ta rame, wuyan rigunanta suka yi mata yawa, ni na rage mata su. Na ce mata bari in tara yaran ajin a tsakar gida da yamma ta ci gaba da koya musu, ba wanda zai hana. Ta ce a'a, aji yana da malami, ba za ta raba wa yara hankali biyu ba. Ko Zamzam in ta kawo mata tambaya sai ta ce ta kai wa ticanta.

Shi Derrick ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. An ce ya bi littafi, ya bi. Zamzam ta ce a lissafi kam yana da ƙoƙari, yana da haƙurin maimaitawa.

Sakamako ya fito ana tsakiyar damina. Makarantar ba ta taɓa cin jarrabawa irin na wannan shekarar ba, kusan duk ajin suka samu shiga, Zamzam har makarantar kwana ta samu. Na yi murna ta 'yata, amma murnar ba ta kwana ba. Washegari aka rataya ƙaton ƙyalle a ƙofar makaranta da hoton Derrick cikin kwat. Dattijo ya ba da shaida a coci cewa Ubangiji ya ba su hikimar gyara tun kafin lokaci ya ƙure. Alhaji yana zaune a rumfarsa yana gaya wa duk wanda ya zo awo, "Kun gani ko? Muna cire ta yara suka ci." Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Da yaran sun faɗi, da cewa za su yi ita ta lalata su tun farkon shekara. Ta ko'ina ba su bar mata ƙofa ba.

Na zaunar da Zamzam na tambaye ta yadda ta amsa tambayoyin nan na tunani a ɗakin jarrabawa. Ta ce da'ira ta zana a gefen takarda, kamar yadda Madam ta koya musu. Na bar ɗinkin mutane na bi gida-gida wajen iyaye mata, na samu wasu yaran da suka faɗi haka su ma. Na tafi ofishin Madam Hellen ban ko yi sallama da kyau ba, na zazzage mata abin da ke cikina. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ita ma abin yana damunta. Ta ce akwai taron iyaye kafin a koma sabuwar shekara, a nan za a tsayar da wanda zai riƙe aji shida. Za ta tambayi Madam Roseline a gaban kowa. In ta tashi ta ce koyarwarta ce ta fitar da yaran, ga iyaye mata suna mara mata baya, ita kuma za ta samu abin riƙewa ta mayar mata da ajinta.

Na dawo gida da gudu-gudu na sami Madam Roseline tana tsince shinkafa. Na ce, "Madam, Allah ya kawo ƙarshen abin nan. Kalma ɗaya za ki faɗa. In an tambaye ki, ki ce e, ni ce. Sauran ki bar mana." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ta ce ta ji.

Ranar taron na jera matan da na tara a benci na gaba. Dattijo ya yi dogon jawabi na yabon kansa, aka tafa wa Derrick, yaron ma kunya ta kama shi yana ta sunkuyar da kai. Sai Madam Hellen ta ce akwai iyayen da ke ganin aikin Madam Roseline ne na zango biyun farko ya haifar da wannan sakamako. Ta juya ta ce, "Madam, ki gaya wa iyaye. Koyarwarki ce ta sa yaran nan suka ci?"

Madam Roseline ta miƙe a hankali, ta dafa benci. Sai da ta dube ni kafin ta buɗe baki, don haka kada wani ya ce mini ba ta san abin da take shirin yi wa kanta ba.

Ta ce, "Na koya musu zango biyu, Mista Derrick ya koya musu ɗaya, sun ci. Wannan ne muke da shi. Ba mu ga takardunsu ba, ba mu san wane tambaya suka ci, wane suka faɗi ba. Irin tambaya ɗin da muka yi faɗa a kai ba su da yawa a jarabawa. Lissafi ya fi yawa, kuma na ji yana koyar da lissafi da kyau."

Na kasa haƙuri na ce daga inda nake, "Madam, yara sun ce da'irarki suka zana!"

Ta dube ni ta ce, "Yara nawa, Maman Zamzam? Waɗanda kin tambaya, iyayensu suna so na. Ba ki shiga gidan Alhaji ba." Sannan ta juya ga mutane. "Amsa na bayan littafi ɗin nan ba daidai ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Wanda ya ce cire ni ne ya sa yara suka ci, ba shi da hujja. Amma ni ma in na ce ni ce, ba ni da shi. Ina so aji na. Allah ya sani ina so. Amma ba zan karɓe shi da irin magana da nake soke wa yara da jan biro ba."

Sai Dattijo Wilfred ya buɗe hannuwa ya ce, "To, jama'a, kun ji da bakinta. Ita da kanta ta ce ba ita ba ce." Ba haka ta ce ba. Duk wanda ke wurin ya san ba haka ta ce ba. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ta yi halinta. Matan da na tara suka fara gyara mayafi suna kallon ƙasa. Madam Hellen ta dube ni sau ɗaya ta kau da kai, ta ce tun da haka ne, Mista Derrick zai ci gaba da aji shida, shuɗin littafin kuma kowane yaro ya zo da nasa.

Tare da Madam Roseline muka taho gida, hanya ɗaya ce, ba yadda zan yi. Muka yi ta tafiya har muka tsallaka layin dogo. A nan na tsaya na ce, "Ke wace irin mace ce? Su sun yi ƙarya sun ci riba, ke an ce ki faɗi abin da kowa ya san gaskiya ne, kin tsaya auna shi a sikeli. Ni na san ke ce. Zuciyata ta san ke ce."

Ta ce, "Ni ma zuciyana yana gaya mini haka." Hawaye na zubo mata, ba ta share ba. "Shi ya sa ban yarda da shi ba."

Na yi kwana da kwanaki ba na gaishe ta, ita kuma ba ta fasa gaishe ni ba. Yanzu mun koma magana, amma ban yafe wa kowa ba, har da ita. Ranar da aka koma makaranta na leƙa ta taga da sassafe na ga ta fito da gogaggiyar rigarta. Ta buɗe jaka ta ciro jan biro guda biyu ta ajiye a kan tagar ɗakinta, ta sa tsumman goge wa yara hanci a madadinsu, ta kulle ƙofa ta tafi.